Na'urar Kwantar da Hankali: Kada a Yi Cinikin Biri a Sama

Kasuwar kayan lantarki a yau cike take da na'urorin da ake cewa suna kawar da damuwa, wata a ɗaura ta a goshi, wata a wuyan hannu. Wannan ciniki ba yau ya fara ba, kuma tarihinsa ya isa darasi ga mai niyyar kwance bakin lalitarsa.

Tushen maganar daga wani likita Bajamushe ne, Hans Berger, wanda a 1929 ya bayyana cewa ana iya auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ya lura da wani motsi mai kaɗawa kamar sau 10 a daƙiƙa, wanda ake kira alfa, yana ƙaruwa idan mutum ya natsu ya rufe ido. A 1968 wani masani a Amurka, Joe Kamiya, ya ba da labarin cewa ana iya koya wa mutum ƙarfafa wannan motsi da taimakon na'urar da ke yin sauti duk sa'ad da ya bayyana. Kafin a ce kwabo 'yan kasuwa sun cika kantuna da akwatunan alfa, suna alkawarin kwanciyar rai.

To, amma a 1974 Martin Orne da David Paskewitz na Jami'ar Pennsylvania suka gwada zancen. Suka shaida wa waɗanda ake aunawa cewa lantarki na iya jan su. Tsoro ya kama mutanen, zukatansu suka dinga bugawa da sauri, alhali kuwa alfa ba ta ragu ba. Watau mutum na iya zama cikin fargaba, na'ura kuwa tana shaidar ya natsu. Gwaje-gwajen baya kuma suka nuna cewa yawancin daɗin da mutane ke ji daga zama shiru ne da kuma sa rai, abubuwan da ba a sayen su.

Saboda haka ya kamata mai saye ya yi tambaya uku. Wa ya gwada na'urar, kamfanin ne ko masu binciken da ba su da riba a ciki? An kwatanta ta da ta bogi wadda ba ta aikin kome? Ta fi zama shiru da jan numfashi a hankali?

Asarar kuɗi da sauƙi. Babban haɗarin shi ne wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci ya dogara ga akwati, ya jinkirta ganin likita har ciwo ya yi nisa.