CIWON SANƘARAU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowace shekara, daga sa'ad da aka gama yankan shinkafa a fadamar gulbin Rima, iskar hunturu ta taso da ƙura, har zuwa faɗuwar ruwan shuka, akwai wata cuta da a ke fargabarta a ƙasar Argungu da ta Gwandu, watau sanƙarau. Cuta ce mai gaggawa ƙwarai. Mutum ya kan wayi gari lafiya lau, kafin jibi a yi jana'izarsa. To, da ya ke labarin ƙauye ta hannun mai unguwa da dagaci ya ke isowa ga hakimi, daga hakimi kuma ya isa ga ma'aikatan lafiya, rayuka da yawa sun rataya ne a kan saurin wannan labari. Domin haka aka shirya wannan bayani ga hakiman Augie da kewaye.

ABIN DA KE KAWO SHI

Ƙwaƙwalwa ita ce mazaunin hankali da tunani, daga gare ta ne ji da gani da magana da motsin gaɓoɓi su ke samun umurni. Allah ya tsare ta da ƙoƙon kai, ya kuma lulluɓe ta, ita da lakar gadon baya, da wani tantani mai hawa uku, da ruwa garai-garai a tsakani. Kumburin wannan tantani shi ne sanƙarau.

Ƙwayoyin cuta iri-iri su kan jawo shi, amma wadda ta fi kawo annoba guda ce, ƙanƙanuwa ainun, ba ta ganuwa sai da madubin likita. Wani likitan ƙasar Ostiriya, Anton Weichselbaum, shi ya gano ta cikin 1887. Ta kan zauna a hanci da maƙogwaro. Cikin mutum 100, a kan sami kamar 10 da ke ɗauke da ita alhali kuwa lafiyarsu ƙalau, suna ba waɗansu ta tari da atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Ƙura da busasshiyar iska su kan raunana cikin hanci da maƙogwaro, sa'an nan ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, daga jini ta haura ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ciwon ya kan taso daga Disamba, ya tsananta cikin bazara, ya lafa da saukar damina. Tsakanin ɗauka da bayyanar ciwo a kan yi kwana 2 zuwa 10.

ALAMUNSA

Zazzaɓi mai zafi wanda ya zo farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai, da amai, da sanƙarewar wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, da ƙin haske. Wani ya kan fitar da ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa; sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai tsini, maɗigarsa ta kumbura, jikinsa ya saki.

Da ya ke ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, mara lafiya ya kan ruɗe, ya yi surutai, ya kasa gane danginsa, ko ya yi jijjiga ya suma. A nan ne mutane su kan ce iska ce, ko sammu, su tsaya hayaƙi da ƙaho da tsaga har lokaci ya ƙure. Addu'a abar nema ce ko yaushe, amma a yi ta ana kan hanyar asibiti. In ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu su kan rasu. In an yi da wuri, wajen 9 cikin 10 su kan tashi.

ANNOBAR DA AKA GANI

Arewacin Nijeriya yana cikin wani yanki da ya miƙe daga Sanigal har Habasha, wanda likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana cikin 1963 cewa nan ne sanƙarau ya fi ɓarna. Cikin 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

Ƙwayar tana da dangi, likitoci suna kiransu da haruffa. Mai harafin A ita ce ta yi ɓarnar 1996. Daga 2011 aka soma yi wa masu shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac a jihohin Arewa, irin nan na A ya kusa ɓacewa. Amma sai mai harafin C ta ɓullo a Jihar Sakkwato cikin 2013, ta shigo Jihar Kebbi, ta yi ɓarna a Aliero cikin 2015. Cikin 2017 ta kama fiye da mutum 14,000 a ƙasar nan, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Har wa yau cikin Maris 2025 an yi rashe-rashe a Gwandu da Jega da Aliero. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

RIGAKAFI

Allurar wani iri ba ta tsare mutum daga wani irin. Sabo da haka wanda aka yi wa ta A, kada ya ce ya gama. Cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma aiki da sabuwar allura, Men5CV, mai tsarewa daga iri biyar: A, C, W, X da Y. Alluran jarirai na mako 6 da 10 da 14 kuma suna tsare su daga waɗansu ƙwayoyi biyu masu kawo sanƙarau, akwai kuma ta wata 9.

Ban da allura, a rage cunkoso a ɗakin kwana, a bar taga a buɗe, a rage hayaƙin murhu cikin ɗaki, mai tari ya rufe bakinsa. Wannan ya fi zama wajibi a makarantun allo da na kwana, da bukkokin masunta da 'yan ci-rani, da kwanakin taro irin na bukin kamun kifi na Argungu.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. Da shigowar hunturu, hakimi ya tara dagatai da limamai da malaman tsangaya da ungozomai, a karanta musu alamun nan, a kuma yi shela ran kasuwa.

2. Dagaci, ko na Tiggi ne ko Bayawa ko Bubuche, in ya ji an kwanta da irin wannan ciwo, ya aika wa hakimi a ran nan, kada ya jira na biyu ya kamu.

3. A kai mara lafiya asibiti mafi kusa nan da nan, ko da tsakar dare ne. Wanda ciwonsa ya yi nauyi, ma'aikata za su miƙa shi Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Maganinsa allura ce, ceftriaxone, wadda ma'aikacin lafiya ke yi. Ƙwayoyin 'yan talla ba su isa ba.

4. In likita ya nemi ɗiban ruwan gadon baya, hakimi ya kwantar da hankalin dangi. Da ruwan nan ne a ke gane irin ƙwayar, a san allurar da za a aiko wa gari.

5. Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta ƙauye da unguwa, da shekarun mara lafiya, da ran da ciwo ya fara, da ran da aka kai shi asibiti, da yadda ya ƙare. Kowane mako ya miƙa wa jami'in lura da cututtuka na ƙaramar hukuma. Da wannan lissafi ne hukuma ke sanin annoba ta taso. Wanda ya ɓoye mutuwa don gudun abin faɗa, ya jinkirta wa garinsa allura.

6. Ran allura, hakimi ya fara kawo iyalinsa a gaban jama'a, gama talakawa abin da suka gani su ke bi.

WAƊANDA SUKA TASHI

Cikin mutum 5 da suka warke, a kan sami kamar 1 da ciwon ya bar wa tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko shanyewar gaɓa, ko mantuwa da nauyin fahimta. Wannan rauni ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda karaya ta ke a ƙashi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa, tana kuwa da magani a asibiti. Yaron da ya tashi, a mai da shi wurin likita a gwada jinsa. In ya koma makaranta yana jinkirin amsawa, malami ya zaunar da shi gaba, ya yi haƙuri da shi, watakila ji ne ba ya yi.

Hakimi uban ƙasa ne, lafiyar talakawansa amana ce a wuyansa. Allah ya tsare ƙasa daga annoba, amin.