Daga Gonar Masara Zuwa Jinin Ɗan Adam



Ku tambayi duk manomin masara a yankin Pauwa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Zai gaya muku ingantaccen irin nan na haibirid yana cika rumbu a shekarar farko, amma idan aka ɗebi iri daga cikinsa aka sake shukawa baɗi, sai gona ta fito wata doguwa wata gajeruwa, goyo ya ragu. Irin bai lalace ba. Halayen kakanni ne da suka ɓuya suka sake bayyana.

Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a birnin Brno na Jamhuriyar Cek ta yau, shi ya fara ƙirga wannan abu. Ya haɗa dogon waken Turawa da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya shuka jikokin, sai ya samu dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ya buga sakamakon a 1866, ba a waiwaye shi ba sai 1900. Abin da ya gano shi ne kowane hali yana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata takan rinjayi 'yar'uwarta, amma wadda aka rinjaya tana nan, ba ta mutu ba.

Haka yake a jikinmu. Muna da kuromosom 46, uwa ta ba da 23, uba ya ba da 23. Af, kafin na manta: a kuromosom ɗin da ke tantance namiji ko mace, uwa X kawai take bayarwa, daga uba ake samun X ko Y. Don haka matar da ake yi wa gorin haihuwar 'ya'ya mata zalla, wallahi zaluntarta ake yi.

Yanzu mu zo kan amosanin jini, wato sikila. Mai AS, wato mai ƙwayar sikila ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana ƙwallo, bai san yana ɗauke da komai ba. Idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya bisa huɗu ya zo da SS, wato cutar sikila. Ku lura, na ce kowane ciki. Ba wai idan ɗan fari ya zo da ita ukun da ke biye sun tsira ba. Wanda ya taɓa kwana a gefen yaro yana kukan ciwon ƙashi ya san wannan lissafi ba na takardar jarrabawa ba ne kaɗai. Shi ya sa a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin gado.

Ɗalibai, ku je asibiti a gwada ku tun kafin zance ya yi nisa, ku kuma zauna da iyayenku ku zana musu lissafin AS da AS a takarda.