Ranar da Carter Ya Sauko Daga Mota

Ranar 20 ga Janairun 1977, ana tsananin sanyi a birnin Washington, Jimmy Carter ya yi rantsuwar kama mulkin Amurka, ya shiga motar alfarma da za ta kai shi fadar White House. Ba a yi nisa ba motar ta tsaya. Sai ga sabon shugaba ya fito, ya kama hannun matarsa Rosalynn, suka kama hanya a ƙafa. Jama'ar da suka yi dafifi a bakin titin Pennsylvania suka ɓarke da sowa. 'Yarsu Amy, mai shekara 9, ta shigo cikin tafiyar, haka suka taka sama da kilomita 2 har ƙofar fada.

Tafiya a ƙafa ba abin mamaki ba ce. Abin da ya ba ta nauyi shi ne halin da Amurkawa suka fito daga ciki. Richard Nixon, wanda a 1970 ya sa aka ɗinka wa masu gadin fadarsa kayan ƙawa irin na dogaran sarakunan Turai har aka yi ta masa dariya, ya sauka daga mulki cikin kunya a watan Agustan 1974 saboda badaƙalar Watergate. Yaƙin Vietnam ya ƙare a 1975 ba tare da nasara ba. Mutane sun gaji da shugaban da ke can sama, ba a ganinsa sai ta gilashin mota. Sai ga manomin gyaɗa daga ƙaramin garin Plains na jihar Jojiya, wanda ya yi musu alkawarin ba zai taɓa yi musu ƙarya ba, yana shan sanyi tare da su. Tun bai sa hannu a kan doka ko ɗaya ba, jama'a suka ji a jikinsu an samu canji.

Carter bai tsaya nan ba. Ya yi rantsuwa da sunansa na gida, Jimmy, ya bar James Earl. Yana ɗaukar jakarsa da kansa. Ya sayar da jirgin ruwan shaƙatawa na shugaban ƙasa mai suna Sequoia, ya kuma hana a riƙa busa masa taken girmamawa duk inda ya shiga. Ranar 2 ga Fabrairu ya bayyana a talabijin zaune kusa da murhu, sanye da rigar sanyi ta saƙa irin ta zaman gida, yana roƙon jama'a su rage ƙarfin na'urar ɗumama ɗaki don a yi tsimin makamashi. A watan Maris, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 75 cikin 100 na goyon bayansa.

To, amma duk wannan da shiri aka yi shi. Tafiyar ranar rantsuwa sai da aka tsara ta da jami'an tsaro, aka rufa asirinta. Kuma tun a Disambar 1976 mai auna masa ra'ayin jama'a, Patrick Caddell, ya rubuta masa shawarar cewa kada ya raina salo da alamu, domin aiki shi kaɗai ba ya riƙe wa shugaba jama'a. Shirya abu ba ya mayar da shi ƙarya, Carter dama mutum ne mai sauƙin kai. Sai dai jama'a sun fi gaskata motsin da ya kuɓuce wa ɗan siyasa ba da niyya ba. A muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta 15 ga Oktoban 1992, kyamara ta kama Shugaba George Bush babba yana duba agogonsa, a daidai lokacin da wata mata ta tashi za ta tambaye shi yadda matsin tattalin arziki ya taɓa shi. Abokin takararsa Bill Clinton kuwa ya tako har gabanta ya yi mata magana ido da ido. Har yau ana tuna duba agogon nan fiye da duk abin da Bush ya faɗa a daren.

'Yan Najeriya sun san wannan a gida. Janar Murtala Muhammad yana yawo a Legas ba jiniya, ba jerin gwanon motoci, kuma a cikin cunkoso aka harbe shi ranar 13 ga Fabrairun 1976. An yarda da sauƙin kansa domin ya saka ransa a ciki. Ɗan takarar da ba ya tunawa da teburin mai shayi ko mai gasa masara sai zaɓe ya ƙarato, da mai ɗaukar hoto a bayansa, yana neman irin wannan yarda ne a araha, kuma talaka ba ya rasa ganewa.

Shi ma Carter alamun ba su cece shi ba. A 1979 layukan mai suka cika gidajen mai, goyon bayansa ya faɗo zuwa kashi 28. Tsadar kaya ta haura kashi 13 a 1980, ga Amurkawa 52 da aka yi garkuwa da su a Iran har kwana 444. Rigar sanyin da aka yaba jiya ta koma abin ba'a, ana cewa alamar shugaba ce da ya kasa, sai dai ya ce a yi haƙuri. Ronald Reagan ya kayar da shi a zaɓe, jihohi 6 kacal Carter ya ci da birnin Washington.

Bayan ya sauka ne aka samu amsar ko wasan kwaikwayo yake yi. Ya koma gidan da ya gina a Plains a 1961, ya zauna a cikinsa har rasuwarsa a Disambar 2024 yana da shekara 100. Cibiyar da ya kafa ta shiga yaƙi da kurkunu, cutar da aka ƙiyasta tana kama mutum miliyan 3.5 a 1986, kuma a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. A Oktoban 2019, yana da shekara 95, ya faɗi a gida aka yi masa ɗinki 14 a goshi, washegari aka gan shi a Nashville da kumburarren ido yana aikin gina wa marasa galihu gidaje.