Haƙoran sama da na ƙasa: kowane da awonsa

Mai karatu, rufe bakinka ka dubi madubi. Za ka ga haƙoran sama sun ɗan rufe na ƙasa, kamar yadda murfi ke rufe tukunya. Murfi kuwa sai ya ɗara bakin tukunya faɗi kafin ya zauna daidai. Haka haƙora suke.

Wani likitan haƙora na Amurka, mai suna Bolton, ya yi awon wannan cikin shekara ta 1958. Ya auna haƙoran mutum 55 masu kyakkyawan jeri. Ya tara faɗin haƙora 12 na sama, ya tara na 12 na ƙasa. Ya tarar in na sama sun kai 100, na ƙasa suna kai wajen 91. In kuwa shida na gaba kaɗai aka auna, na ƙasa 77 ne. Har yau likitoci na yin wannan lissafi kafin su sa ma mutum wayar miƙe haƙora.

In awon bai daidaita ba, bakin na nunawa. In na ƙasa sun cika faɗi, sai su hau juna, abinci ya riƙa maƙalewa, asawaki bai kai wurin. In na sama ne suka ƙanƙance, sai a ga ƴan ramuka tsakaninsu. Wushirya, wadda ake yabo ga ƴan mata, wani lokaci daga nan take, kuma ba cuta ba ce.

Amma a yi hattara da bakin yara. Yaro na da haƙoran nono 20, babba na da 32. Daga shekara 6 zuwa 12 ana sauyi, baki na zama barkatai: manyan haƙora cikin ƙaramin muƙamuƙi, ga giɓi nan da can. Wushiryar yaro ɗan shekara 8 sau da yawa tana rufewa da kanta in fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 ko 12.

Saboda haka kada a kai yaro a gurza mishi haƙori ko a cire don ya karkace. Farin ɓawon haƙori in ya tafi bai komowa. Likita ma, in zai rage faɗin haƙori, sai ya auna tukuna, kuma abin da yake ragewa a kowane gefe bai wuce rabin milimeta ba.