Lu'ulu'un Da Ya Faɗi Cikin Ciyawa

Gidaje kaɗan ne a cikinmu da ba su taɓa binne ƙaramin yaro ba. Ko ƙyanda, ko zawo, ko zazzaɓin cizon sauro, kwana uku an gama. Maƙwabta su zo ta'aziyya, a ba da haƙuri, a watse. Amma uwa da uba suna nan da tambaya a zuci: ina yaron nan yake yanzu? Fiye da shekara 600 da suka wuce wani Kirista a ƙasar Ingila ya yi fama da wannan tambaya, har ya tsara waƙa a kanta.

Sunan waƙar Pearl, wato Lu'ulu'u. An rubuta ta wajen ƙarshen ƙarni na 14, bayan babbar annobar da ta shiga Ingila a 1348. Mawaƙin bai bar sunansa ba. Tana da baiti 101, kowane baiti layi 12, duka layi 1,212. Kwafi ɗaya tak na rubutun hannu ya rage, ya kuwa tsira daga gobarar da ta lalata littattafai da yawa a ɗakin da aka ajiye shi a 1731. Ba a buga waƙar ba sai 1864. Yau kwafin yana babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan.

Ga yadda labarin yake. Wani mutum yana makokin lu'ulu'unsa da ya faɗi cikin ciyawa ya ɓace. Muna cikin karatu sai mu gane yarinya ce wadda ta rasu ba ta kai shekara biyu ba; masana da yawa sun ɗauka 'yarsa ce. Wata rana cikin watan Agusta baƙin ciki ya kayar da shi a wurin, barci ya kwashe shi. Cikin mafarki ya ga kansa a bakin wani rafi. A ƙetare ga yarinyar cikin fararen tufafi, da kambi a kanta. Daga zancen da suka yi za mu tsamo darasi huɗu.

Na fari, abin da ke hannun Allah bai ɓace ba. Yarinyar ta tsauta masa a hankali. Ta nuna masa cewa abin da ya rasa kamar fure ne mai bushewa, amma yanzu ya zama dutse mai daraja a cikin ma'aji. Sarki Dawuda ya gane wannan sa'ad da jaririnsa ya mutu (Samu'ila ta Biyu 12:23). Ya sani yaron ba zai komo ba, amma shi zai tafi wurinsa.

Na biyu, ceto alheri ne, ba ladan aiki ba. Da yarinyar ta ce an naɗa ta sarauniya a sama, mutumin ya ƙi yarda. Yaya wadda ba ta iya ko Addu'ar Ubangiji ba za ta sami irin wannan girma? To, ina amfanin wahalar waɗanda suka tsufa cikin bi? Ta amsa masa da misalin ma'aikatan gonar inabi (Matta 20:1-16), inda wanda ya shiga aiki da yamma ya karɓi dinari ɗaya daidai da wanda ya sha rana tun safe. Mu da muka yi shekara talatin muna zumunta, muna ba da zakka, ya kamata mu bincika zuciyarmu. Ko muna zaton Allah yana da bashinmu?

Na uku, babu kishi a gidan Uba. Ta faɗa masa cewa kowa a can sarki ne ko sarauniya, kowa kuma yana murna da darajar ɗan'uwansa, kamar yadda gaɓoɓin jiki ɗaya ba sa ƙyashin juna (Korintiyawa ta Fari 12). Idan haka zaman can yake, gardamar kujera a ekklesiya da gasa tsakanin 'yan uwa ɗaya ba shirin tafiya ba ne.

Na huɗu, ba a ƙetare rafin nan da ƙarfin hali. An ba shi izini ya hango Sabuwar Urushalima daga nesa, da ƙofofinta 12 na lu'ulu'u, kamar yadda Ru'ya ta Yohanna sura 21 ta bayyana. Ya ga Ɗan Rago da rauni a haƙarƙarinsa, ga kuma yarinyar cikin taron masu binsa. Marmari ya sha ƙarfinsa, ya zabura zai faɗa ruwa, sai ya farka. Amma ya farka da wata zuciya dabam. Ya miƙa lu'ulu'unsa ga Allah, ya koma ga gurasa da ƙoƙon da Kristi ya bar mana. Akwai lokacin da baƙin ciki yakan sa mutum ya so mutuwa, ya daina ci, ya manta da sauran yaran da ke raye. Waƙar tana tuna mana cewa ranar ƙetarewa ta Ubangiji ce, aikinmu kuwa yana wannan gaɓa tukuna.

Waƙa ce, ba Maganar Allah ba, saboda haka da Littafi Mai Tsarki za mu auna ta. Amma mu lura, ba ta hana mutumin kuka ba. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. 'Yan'uwa, idan mun je gaisuwar mutuwar yaro, kada mu raina rashin da cewa ai ƙarami ne, Allah zai ba da wani. Mu zauna da iyayen, mu ambaci sunan yaron, mu karanta musu Markus 10:13-16, mu yi addu'a tare. Bayan an watse kuma, mu sāke komawa.