Kafaɗar da ta hana ɗaura kallabi

Ciwon nan ba ya sallama. Yau ki ɗaga taɓarya ki ji kafaɗa ta ɗan soke ki, ki ce gajiya ce. Bayan wata biyu ɗaura kallabi ya zama aiki, sauko da kwano daga sama sai kin kira yarinya, da dare kuma kina juyawa kan wannan gefen sai ki farka. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 40. Yawancinmu "sanyi" muke ce masa, mu sayi ƙwaya wurin mai tebur, mu ci gaba da aiki. Amma sau da yawa ba sanyi ba ne, jijiya ce ke matsuwa.

Me ke faruwa a ciki?

Tsokoki 4 ne ke riƙe kan ƙashin damtse cikin gurbinsa. Jijiyarsu ta sama tana bi ta ƙarƙashin ƙashin nan da kike ji in kin dafa saman kafaɗarki. Hanyar ƴar ƙarama ce, wajen santimita 1, kuma duk lokacin da kika ɗaga hannu sai ta ƙara tsukewa. In jijiyar ta gaji ta kumbura, sai ta riƙa gugar ƙashin, kamar igiyar guga a bakin rijiya.

To, dubi aikinmu: daka, jan ruwa a rijiya mai zurfi, shanya, kitso, ga ɗora bido a kai. Bido mai lita 25 nauyin kilo 25 ne, kuma hannu ne ke kai shi sama.

Gwada da kanki. Ɗaga hannun ta gefe a hankali. In da farko ba zafi, ya zo daidai kafaɗa ya soke ki, da ya miƙe sama kuma ya lafa, wannan babbar alama ce.

Magani

Kada ki ɗaure hannun ki ajiye shi. Kafaɗar da ba ta motsi sandarewa take yi, balle ga mai ciwon sukari. Abin da ake so shi ne a rage aikin da ke kai hannu sama da kai na ƴan makonni. Ki kai hatsi inji, ko ku karɓa wa juna daka. Ki sassauto da igiyar shanya. Bido kuwa, a ɗora miki, ko ki raba ruwan gida biyu. Da dare ki kwanta kan gefen mai lafiya, ki rungumi matashi.

Sai motsa kafaɗa, safe da yamma, kowanne sau 10:

1. Ki sunkuya ki dafa turmi da hannun mai lafiya, ki saki mai ciwon yana lilo a hankali.
2. Ki fuskanci bango, ƴan yatsunki su riƙa hawa shi har inda za ki iya.
3. Ki zauna a miƙe, ki ja allunan kafaɗunki baya kamar za su haɗu, ki ƙirga 5, ki saki.
4. Ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki riƙe robar cikin tayar keke da hannu biyu, ki buɗa mai ciwon waje.

Ɗan zafi ba laifi. Wanda ya kwana ya wuni kuwa, ki rage. Sauƙi yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, sai an yi haƙuri, a juri zuwa rafi.

Hattara da ƙwaya

Parasetamol na rage zafi. Ibuprofen da diklofenak ma suna yi, amma yawan shansu na cin ciki, yana lalata ƙoda. Mai juna biyu, mai gyambon ciki da mai hawan jini kada su sha sai da izinin likita. Tramol kuwa ɓoye ciwon yake, ki koma daka ki ƙara ɓata jijiyar, ga shi in jiki ya saba da shi barinsa wuya. Tsaga da ƙaho a fata suke tsayawa, ba su kai wa ga jijiyar.

In mako 6 ya wuce ba sauƙi, ki je CSI, za su iya tura ki wurin kine, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki. Wani lokaci akan yi allura a kafaɗar, amma sauƙinta na ɗan lokaci ne, ba a yawan maimaita ta. Tiyata fa? A 2018 an wallafa bincike biyu, a Ingila da Finland, da suka nuna kankare ƙashin bai fi tiyatar je-ka-na-yi-ka amfani ba. Saboda haka kada ki yi gaggawar sayar da akuya.

Kar ki jira gobe in:

– kin faɗi, hannun ya ƙi ɗaguwa sam;
– kafaɗar ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi;
– hannun ya mutu ko ƙarfinsa ya tafi;
– ciwon ya haɗa da nauyin ƙirji, zufa ko ɗaukewar numfashi. Wannan yana iya zama zuciya, a garzaya asibiti nan take.

Ƴar'uwa, da hannun nan kike daka, da shi kike sana'a. Rage masa aiki na wata biyu ya fi ki rasa shi shekara guda. Allah ya ƙara mana lafiya.