Mene Ne Famfon Zuciya, Kuma Me Ya Haɗa Shi da Gudan Jini?

Famfon zuciya, wanda likitoci ke kira LVAD, ƙaramar na'ura ce da ake dasa wa mutumin da zuciyarsa ta gaza tura jini. Ana maƙala shi a ƙasan ɓangaren hagu na zuciya, ya riƙa zuƙo jini yana tura shi cikin babbar jijiya. Wata waya ce ke fitowa ta fatar ciki zuwa batura da mai ciwon ke ratayawa.

Matsalar ita ce jini na saurin daskarewa idan ya gogi ƙarfe. Gudan jini kan toshe famfon, ko ya haura ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka mai famfo ba ya rabuwa da warfarin, maganin tsinka jini, da gwajin jini akai-akai, domin idan maganin ya yi yawa sai zubar jini. Haɗarin shanyewar jiki na cikin dalilan da suka sa kamfanin Medtronic ya daina sayar da famfonsa HVAD a 2021.

Wani lokaci zuciyar kan huta ta farfaɗo har a cire famfon, amma kaɗan ne ke dacewa, galibi masu ƙananan shekaru, ciki har da matan da zuciyarsu ta raunana bayan haihuwa. Wannan raunin zuciya na bayan haihuwa sananne ne a Zariya da Kano. Mai jego da ta ga kumburin ƙafa da haki ta garzaya asibiti tun da wuri.